"Injin Ya Ƙi Tashi": Dalilin Da Ya Sa Muke Ganin Rai Da Niyya A Jikin Ƙarfe

Duk wanda ya taɓa zama da masu aikin inji a Challawa, ko Sharaɗa, ko Bompai, ya san yadda suke zancen injinansu. "Yau injin ya ƙi tashi." "Wannan sai an lallaɓa shi." "Na uku ya fi gardama, in ba mai shi ba, ba ya jin maganar kowa." In abu ya lalace a ce ya mutu, in an gyara a ce ya tashi. Janareta yana shan mai, bel ya gaji, famfo yana tari. In kuma tsautsayi ya gitta, Allah Ya kiyaye, sai ka ji an ce inji ya cinye hannun wane.

Babu ko ɗaya cikin masu wannan magana da ya yarda cewa ƙarfe yana da rai. Ka tsare makanike ka tambaye shi ko janareta yana jin haushi, dariya zai yi maka. Amma shi ɗin ne, in ya ja igiya sau goma bai tashi ba, za ka ga ya ɗaka masa duka, har da harara. Wani zai ce ai salon magana ne kawai, tunda Hausa ba ta ware wata kalma ta nuna marar rai ba: kowane abu ko dai "shi" ne ko "ita", daga mutum har cokali. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Sai dai masu harsunan da ke da irin wannan kalma su ma suna zagin motocinsu, suna roƙon kwamfutocinsu. Binciken da masana halayyar ɗan'adam suka shafe shekara 80 suna yi ya nuna cewa abin ya riga harshe. Ido da ƙwaƙwalwa ne ke yanke hukuncin "wannan mai rai ne, kuma ga abin da yake nufi", tun kafin tunani ya sa baki. A gida wannan abin raha ne. A masana'anta kuwa, inda mutum ke tsaye taku ɗaya daga wuƙar da ke juyawa, yana iya zama sanadin rasa hannu.

Alwatika biyu da da'ira ɗaya

A shekarar 1944, wasu masana biyu a kwalejin Smith da ke Amurka, Fritz Heider da Marianne Simmel, suka haɗa wani ɗan gajeren fim na kamar minti biyu da rabi. Babu mutum a ciki, babu dabba, babu fuska, babu magana. Babbar alwatika ce, da ƙaramar alwatika, da 'yar da'ira, suna yawo a kusa da wani zanen akwati mai gefe ɗaya da ke buɗewa yana rufewa. Suka nuna wa ɗalibai mata 34, suka ce kowace ta rubuta abin da ta gani.

Mutum ɗaya ce kaɗai ta rubuta abin da ke kan allon da gaske, wato siffofi suna motsi. Sauran duk sun bayyana siffofin kamar masu rai. Wasunsu sun ga maza biyu suna faɗa a kan mace. Babbar alwatika ita ce azzaluma mai zafin rai, da'ira ta tsorata ta ɓuya a ɗaki, ƙaramar alwatika ta cece ta suka gudu, babbar kuma don haushi ta farfasa gidan. Fim ɗin yana nan a intanet. Ka neme shi ka gwada kanka, mai karatu: ka ƙudurta a ranka cewa takardu ne kawai aka yanka ake turawa, ka ga ko za ka iya hana kanka jin tausayin da'irar nan. Da wuya. Sanin gaskiyar abin ba ya kashe ganin, kamar yadda sanin cewa kawalwalniya ce ba ya hana ka ganin ruwa a kan kwalta da tsakar rana.

Kusan lokaci guda, wani masani a Beljiyam mai suna Albert Michotte yana gwada abu mafi sauƙi, ya kuma buga sakamakonsa a 1946. Ɗigo ɗaya ya taho ya taɓa ɗigo na biyu, na biyun ya wuce nan take: kowa zai ce na farko ne ya tura shi. A saka ɗan jinkiri tsakani, ko da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, sai jin "turawar" ya ɓace, ka ga kamar na biyun ne ya ga dama ya tashi. In kuma ya zabura da gudun da ya fi na wanda ya taɓa shi, sai ka ga kamar tserewa yake yi. Daga nan aka fara gane ma'aunin da ido ke amfani da shi. Abin da aka tura, marar rai ne. Abin da ya tashi da kansa, ya canza gudu, ya karkata hanya ba tare da an ga abin da ya karkatar da shi ba, ido yana saka shi a layin masu rai. A shekarar 2000, Patrice Tremoulet da Jacob Feldman sun nuna cewa ɗigo ɗaya tak ya isa: gwargwadon yadda ya sauya gudu da alƙibla farat ɗaya, gwargwadon yadda masu kallo ke cewa rayayye ne.

Shi ya sa baƙar leda ke razana mutum da almuru a lokacin hunturu. Iska ce ke tura ta, amma iska ba a ganinta. Abin da ido ya gani shi ne wani baƙin abu ya tsaya, ya zabura, ya karkata ya nufo ƙafarka. Kafin ka ce leda, ka riga ka ɗaga ƙafa.

Da shi ake haihuwarmu

Abin tambaya shi ne, koyo muke yi ko da shi muka zo? A 1973 Gunnar Johansson na jami'ar Uppsala a Suwidin ya liƙa ƙananan fitilu, kamar goma zuwa sha biyu, a gaɓoɓin mutum, ya ɗauke shi fim a cikin duhu. In mutumin yana tsaye cik, ɗigogin haske ne kawai barkatai. Da zarar ya ɗaga ƙafa, cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya mai kallo zai ce ga mutum yana tafiya.

An kai wannan gwajin kan 'yan tsaki. A 2005, Giorgio Vallortigara da abokan aikinsa a Italiya suka ƙyanƙyashe ƙwai a cikin duhu, don kada tsakin ya taɓa ganin komai yana motsi. Da aka nuna musu ɗigogin haske, sai suka fi nufar waɗanda ke motsi irin na kaza a kan waɗanda ke juyawa sandare kamar an kafe su a katako. Abin da ya fi ba mu sha'awa a binciken nan shi ne, da aka nuna musu ɗigogin da ke tafiya irin ta kyanwa, nan ma nufarsu suka yi. Wato ba uwa suke ganewa ba, motsin mai rai suke ganewa, ko da na mai cinye su ne. Shekara uku bayan haka, a garin Padua, Francesca Simion da tawagarta suka samu irin wannan a jariran mutane 'yan kwana biyu: sun fi kallon ɗigogin da ke tafiyar kaza, sun kuma fi kallonsu a miƙe a kan in an juya su ƙafa a sama.

Ba kuma abin Turawa kaɗai ba ne. A 2005 Clark Barrett da abokansa sun nuna wa Jamusawa da mutanen Shuar na dajin Amazon a Ekwado hotunan siffofi biyu suna motsi, duka ɓangarorin suka iya bambance wane ne kora, wane ne faɗa, wane ne wasa, daga motsin kaɗai.

Me ya sa ma'aunin yake saurin kaɗawa haka, har yana ganin rai inda babu? Bayanin da masana da yawa suka fi karkata gare shi na lissafin asara ne. In ka ɗauki igiya maciji, ka yi tsalle ka ji kunya, shi ke nan. In ka ɗauki maciji igiya, wataƙila ba za ka sake yin wani kuskuren ba. Bahaushe ya daɗe da lura cewa wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin da binciken ya ƙara shi ne, ko wanda ba a taɓa sara ba, da rabin wannan tsoron aka haife shi.

Rai daban, niyya daban

Ganin abu a matsayin mai rai mataki ne na farko. Na biyu shi ne ganin abin da yake nema. A 1995 a Budapest, György Gergely da Gergely Csibra da abokan aikinsu suka nuna wa jarirai 'yan wata 12 wata ƙaramar da'ira tana tsallake katanga don ta isa wurin babba. Suka yi ta maimaitawa har jariran suka gaji da kallo. Sai suka cire katangar. In da'irar ta miƙe kai tsaye, jariran ba su damu ba, duk da cewa sabon motsi ne. In kuwa ta sake yin tsallen nan da suka saba gani, alhali babu abin tsallakewa, sai su zuba mata ido, kamar masu cewa "to, na mene ne kuma?" Yaron da bai iya magana ba ya riga ya ɗauka cewa abin yana da inda ya nufa, kuma ya kamata ya bi hanya mafi sauƙi.

Amanda Woodward ta yi wani makamancinsa a 1998 a Chicago. Hannun mutum yana ɗaukar ɗaya daga kayan wasa biyu, sai a musanya musu wuri. Jarirai 'yan wata shida sun fi mamaki in hannun ya ɗauki wani abu daban, a kan in ya bi wata hanya daban zuwa abin da ya saba ɗauka. Da aka maye gurbin hannun da sanda, wannan bambancin bai fito ba. A wurinsu hannu yana so, sanda kuwa motsi kawai take yi.

A nan ya kamata mu ɗan taka burki, don ba duk abin da ya yi suna a wannan fagen ne ya tsaya da ƙafarsa ba. Akwai sanannen gwajin 2007 daga jami'ar Yale da ya ce jarirai suna fifita siffar da ta taimaki wata hawa tudu a kan wadda ta tunkuɗo ta. An yi ta yaɗa shi a matsayin hujjar cewa jariri yana bambance nagari da mugu. Da ɗakunan bincike fiye da 30 suka haɗu suka maimaita shi da ɗaruruwan jarirai a 'yan shekarun nan, zaɓin ya fito kusan rabi da rabi. Don haka ganin rai da ganin manufa suna da hujjoji masu ƙarfi, amma batun hukuncin kirki da mugunta a tsumman goyo, ana nan ana ja.

A ƙwaƙwalwa ma akwai wuraren da wannan aikin ya fi shafa. Wani lungu a gefen kai, sama kaɗan da bayan kunne, yana ƙara aiki in mutum yana kallon motsin mai rai ko yana ƙoƙarin karanta nufin wani. Akwai kuma wata mata a Amurka da likitoci ke kira S.M., wadda wata cuta ta lalata mata amigdala, wasu 'yan curi biyu a can cikin ƙwaƙwalwa da ke da hannu a tsoro da karanta yanayin mutane. Da aka nuna mata fim ɗin Heider da Simmel, a binciken da aka buga a 2004, sai ta bayyana shi kusan yadda yake: alwatika ta shiga akwati, da'ira ta fita. Ita ce ta fi kowa faɗin gaskiya, kuma wannan ɗin ne alamar larurarta.

Tsohon inji ya fi "hali"

Mu koma Challawa. Ka lura, ba kowane inji ake ba wa hali ba. Fankar sama da ke juyawa kullum ba wanda ke cewa tana da taurin kai. Wanda ake cewa yana da hali shi ne wanda yau ya yi, gobe ya ƙi. Adam Waytz da abokan aikinsa sun gwada wannan a 2010: mutanen da kwamfutarsu ta fi yawan ba su matsala sun fi cewa kamar tana da ra'ayin kanta, kuma in aka bayyana wa mutane wata na'ura a matsayin wadda ba a iya hasashen abin da za ta yi, sun fi jingina mata tunani. In mutum ya kasa gane dalilin abu, sai ya ɗauko ma'aunin da ya fi gwanancewa a kai, wato na karanta mutane.

To, ka haɗa wannan da yanayin masana'antunmu. Injina da yawa sun kwana biyu, wasu an sayo su ne bayan sun gama aiki a wata ƙasa. Kayan gyara sai an yi dabara. Wuta tana zuwa da ƙarfi, ta dawo da rauni, ta ɗauke. Ga ƙura, ga zafin bazara. Inji ɗaya zai yi halin safe daban, na rana daban. Dole a ce yana da hali.

A ganinmu, wannan maganar ba wauta ba ce, kuma injiniyan da ya raina ta ya yi asara. In tsohon ma'aikaci a kamfanin roba ya ce "ba ya son a matsa masa da safe, sai ya ɗumama", ya dunƙule ilimi ne na gaske game da zafin da roba ke narkewa da kaurin man inji, a cikin jimlar da sabon yaro zai riƙe tun ranar farko. In mai kula da gangar jima a kamfanin fata ya ce "yau kukanta ya canza", kunnensa ya kama abin da wataƙila sai bayan mako guda zai fito fili. Masanin falsafa Daniel Dennett ya yi dogon bayani a littafinsa na 1987 cewa ɗaukar abu kamar mai buƙata da manufa hanya ce ta hasashen abin da zai yi, kuma sau da yawa tana aiki ko da babu kowa a ciki.

Inda take kasawa shi ne abin tsoro. Duk mai rai da muka saba da shi yana ba da sanarwa kafin ya yi motsi. Mutum yana duban abu kafin ya kai hannu. Kare yana gurnani. Rago yana ja da baya kafin ya yi karo. Kuma wanda ya mutu ya mutu, ba ya tashi. Idonmu ya ginu a kan waɗannan ƙa'idoji, inji kuwa ba ya bin ko ɗaya.

Ɗauki injin kankare nama daga jikin fata, mai dogon gungumen ƙarfe da wuƙaƙe suka naɗe. Ana cikin aiki wuta ta ɗauke. Ƙara ta tsaya, komai ya yi tsit. Fata ta maƙale a ciki. Duk alamun da ƙwaƙwalwa ke auna rai da su sun ce abin nan ya mutu, jiki ya saki, hannu ya shiga ciro fatar. A can wani gefen kuma an tayar da janareta, ko wutar KEDCO ta dawo. In makunnin injin irin wanda ke zama a kunne ne, zai ci gaba daga inda ya tsaya, babu gyaran murya. Ko ba wuta ma, iskar da aka matse a tanki, ko man da ke riƙe da ƙarfi a bututu, ko ganga cike da jiƙaƙƙun fatu da nauyinta ya karkata gefe guda, duk suna iya motsa ƙarfe. Wato kuskuren iri biyu ne daga tushe ɗaya: muna ganin niyya a injin da ke gardama, muna kuma ganin gawa a injin da ya yi shiru.

Mutum na farko da aka rubuta cewa mutum-mutumin masana'anta ya kashe, kusan haka abin ya same shi. Robert Williams, ɗan shekara 25, yana aiki a kamfanin Ford da ke Flat Rock a jihar Michigan. Ranar 25 ga Janairu 1979 ya hau cikin rumbun kaya don ya ɗauko wasu da hannu, na'urar ɗaukar kayan mai nauyin tan guda ta taho ta buge shi a ka. Jaridu sukan rubuta irin wannan kamar na'urar ta kai hari. Ba ta san yana wurin ba, ba ta kuma san ta buge shi ba. Aikinta ta ci gaba da yi.

Maganin da masana tsaron ma'aikata suka samo duk na rashin yarda da ido ne. Akwai makunnin da ke sakin kansa da zarar wuta ta ɗauke, ta yadda in ta dawo sai mutum ya sake dannawa. Akwai ƙa'idar kashe babban makunni a saka masa kwaɗo, mai gyaran ya jefa makullin a aljihunsa, har sai ya fito. Akwai jiniya da fitila da ke gabatar tashin manyan injina, wanda a zahiri aron gurnanin kare ne aka yi wa ƙarfe. Wani kamfani a Amurka ya fito da mutum-mutumin aiki mai suna Baxter a 2012, aka saka masa allo mai idanu biyu da ke duban inda hannunsa zai nufa kafin ya nufa. Ba da su yake gani ba. An yi su ne don idon ma'aikacin da ke gefensa.

Mutum-mutumi

Kalmar da Hausa ta zaɓa wa waɗannan na'urori tana da ban sha'awa. Sunan da Turawa ke kiransu ya fito ne daga wasan kwaikwayon Karel Čapek na 1920, daga kalmar Cek mai nufin aikin tilas. Su aikin suka duba. Mu kuwa muka ɗauko sunan abin da manomi ke kafawa a gona da tsumma da kara don ya tsorata tsuntsaye. Siffar muka duba, da ruɗin da ke cikinta. Manomi ya san iyakar wannan ruɗin: bayan 'yan kwanaki tsuntsaye sun gane ba ya motsi, har su sauka a kafaɗarsa, sai an ɗaura masa leda ko gwangwani da iska za ta riƙa kaɗawa. Tatsuniyar Gizo da 'yar danƙo ma a kan wannan take. Siffa kawai ya gani, ya ɗauka mutum ce, shirunta ya zame masa raini, ya kai mari hannu ya manne.

Yawancin mutum-mutumin da ke aiki a masana'antun duniya ba su da kama da mutum ko kaɗan. Na farkonsu, Unimate, da ya fara aiki a kamfanin General Motors a 1961, hannu ne guda na ƙarfe a kan akwati. Masu fuska su ne ake kai wa taro. Sophia, wadda Saudiyya ta ce ta ba ta takardar zama 'yar ƙasa a 2017, da Omeife, wadda kamfanin Uniccon ya ƙaddamar a Abuja a ƙarshen 2022, an yi musu ido da gira da leɓe ne saboda an san abin da fuska ke yi mana. A Kinshasa, injiniya Thérèse Izay Kirongozi ta kafa dogayen mutum-mutumi masu ba da hannu a kan titi tun 2013. In ka cire kai da hannuwan, fitilar kan hanya ce da kyamara. Amma abin da ke da kai, yana juyowa yana fuskantarka, ba a wuce shi kamar yadda ake wuce fitila.

Kamannin ma yana da iyaka. Masahiro Mori, wani injiniya a Japan, ya lura a 1970 cewa sha'awar mutane tana ƙaruwa yayin da na'ura ke ƙara kama da mutum, har sai ta kusa zama mutum sak amma da ɗan saura. A nan sai sha'awar ta koma tsarguwa, musamman in abin ya motsa. Fuska ta ce mai rai ne, ƙiftawar ido ta ce a'a, ƙwaƙwalwa ta rasa layin da za ta saka shi.

Alamar da ta fi duk waɗannan ƙarfi ba ta buƙatar jiki ma: amsawa. A 1966 Joseph Weizenbaum na jami'ar MIT ya rubuta wata 'yar manhaja mai suna ELIZA, wadda ba abin da take yi sai juya maganarka ta mayar maka da ita a matsayin tambaya. Sakatariyarsa, wadda ta ga lokacin da yake haɗa ta, bayan 'yar hira kaɗan ta roƙe shi ya fita daga ɗakin don ta yi magana da ita a keɓe. Manhajojin hira da ke wayoyinmu yau sun fi ELIZA nesa ba kusa ba, har Hausa suna rubutawa, suna ce maka sannu da ƙoƙari. Ko mene ne ke faruwa a cikinsu, jin da kake yi cewa "ta fahimce ni" ba zai zama hujja ba, tunda ELIZA ma ta samar da shi.

Wa ya ci hannun?

A 2007 Heather Gray da Kurt Gray da Daniel Wegner suka tambayi mutane fiye da 2,000 su kwatanta hankalin abubuwa daban-daban: jariri, kare, babban mutum, mutum-mutumi da sauransu. Amsoshin suka rabu gida biyu. Akwai iya aikatawa, wato tsarawa da yanke shawara da kame kai. Akwai kuma iya ji, wato yunwa da zafi da tsoro. Jariri yana da ji sosai, aikatawa kaɗan. Mutum-mutumi an ba shi aikatawa gwargwado, ji kuwa kusan babu. Suka kuma ga cewa wanda aka ba aikatawa shi ake ɗora wa laifi, wanda aka ba ji shi ake tausaya wa.

Nan ne "inji ya cinye hannunsa" ke da nauyin da ya wuce salon magana. Caitlin Fausey da Lera Boroditsky sun nuna a 2010 cewa yadda aka tsara jimla yana canza hukunci. Mutane suka karanta labarin gobara a gidan abinci, wasu an rubuta musu cewa matar ta kifar da kyandir, wasu kuma cewa kyandir ya kife. Na farkon sun fi ɗora mata laifi, sun kuma yanka mata tara mafi yawa, alhali abu ɗaya ne ya faru. Hausa gwana ce a wannan: "ta fasa tulu" da "tulu ya fashe". In aka ce inji ya ci hannu, an samu mai laifi, kuma mai laifin da ba a kai shi kotu. Jimlar ba ta bar gurbin tambayar wa ya cire murfin kariyar don aiki ya yi sauri ba, ko wa ya haɗa wayar kai tsaye da makunnin ya lalace, ko awa nawa yaron ya yi a tsaye kafin abin ya faru.

Doka dai ba ta san inji a matsayin mai niyya ba. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta wajabta a killace duk wani sashe mai haɗari na inji, ta kuma ɗora nauyin a kan mai masana'antar. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke gudanarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki ba tare da sai ya tabbatar da laifin wani ba, daga asusun da masu ɗaukar aiki ke zuba kashi ɗaya cikin ɗari na albashin da suke biya. Kafin a kai ga biya, sai an kai rahoton raunin a rubuce, da ranar da ya faru, da wurin, da yadda aka yi hannun ya isa ga wuƙar.